Ɗigon da Malam Ya Ɓoye wa Likita

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da cuta, ya saukar da maganinta, ya kuma bar mana wahalar haɗa su. Ina rubuta wannan a gindin mangwaron makarantarmu a Salaga, bayan an tashi yara, don matan da ke shan sassaƙe shekara da shekaru, da mazan da ke zaune a zaure suna jiran sassaƙen ya yi aiki. Mai gidana ya ba ni izini. Sunansa Iddi, ni kuma Rakiya, amma tun ranar da aka kai ni gidansa Ticha yake ce mini, don ina koyar da 'yan aji biyu. Ni kuma Malam nake ce masa, ko da yake ya daɗe da rataye allo ya kama fataucin kifi.

Mun yi shekara huɗu da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba. A garinmu, in haihuwa ta yi jinkiri, kowa ya san inda ake dubawa. Na sha jiƙo mai ɗaci da mai bauri, na sha rubutu har haƙorana suka yi duhu, na yi turare na zauna a kai. Ban riƙe kowa a zuciya ba, don ni ma na ɗauka laifin cikina ne. In na je ɗibar ruwa, nakan leƙa rijiya in daɗe ina kallon fuskata can ƙasa, ina raya wa kaina wata ƙaramar fuska a gefen kafaɗata, har sai wata ta ce, "Malama, guga muke jira."

Malam kuwa a Makango, bakin tafki, yake yini. Tun da ruwan tafki ya taso ya cinye tsohuwar hanyar Yeji, masunta suka cika bakin ruwan, kifi ya zama abin fatauci. Akwai wata al'ada tsakanin masu saye: wanda ya fara ɗora hannu a kan kwale-kwale shi ke fara taya kifin cikinsa. Saboda haka ba mai jira jirgi ya iso gaɓa. Da an hango shi sai maza su naɗe wando su afka, wani har ƙugu, wani har ƙirji, cikin ciyawar ruwa. Malam dogo ne, ba a cika riga shi ba. Yana alfahari da wannan ƙwarai.

A shekara ta huɗun nan na fara lura da abubuwa. Mutumin da ke cinye malmala uku ya koma yana barin rabin ta biyu. In ya dawo sai ya jingina da bango yana dafa ƙugu. Yakan daɗe a bayan gida, ya fito da gumi a goshi. Wata rana ina wanki na ga ɗan tabo ja a gaban wandonsa, kamar an ɗiga ruwan goro. Na ga wani a wando na biyu. Na rasa wanda zan tambaya, sai na je wurin mahaifiyarsa, Mma Lariba, wadda muke gida ɗaya da ita. Malam ɗanta ne na fari, ba ta taɓa kama sunansa, "wancan" take cewa.

Mma ta dubi wandon ta yi dariya. "Wannan ne ya sa kika shigo kamar an yi mutuwa? Tsargiya ce, jini a bawali. Tun wancan yana ɗan shekara goma sha biyu yake yi, tun suna wanka a kogin Daka. Ranar da ya fara, babansa zabo ya yanka. Namijin da bai yi ja ba ai jininsa bai cika ba. Babansa haka ya yi ta yi, ya haifi tara."

Na koma ɗaki da wandon a hannu, na yarda da ita. A nan nake jin kunyar kaina. A makarantar horon malamai an koya mana wannan cuta da sunanta na Turanci, na zana katantanwar da ke ɗauke da ita, na ci jarrabawa a kanta. Amma cutar littafi tana cikin littafi, tsargiya kuma tana gidanmu, ban taɓa zaunar da su wuri ɗaya ba.

Wadda ta fara juya maganar wata ungozoma ce 'yar kudu, da na je wurinta a ɓoye. Ta duba ni tsaf, ta wanke hannu, ta ce da irin Hausarta ta zango, "Malama, kai lafiya lau. Gona ba shi da laifi. Je ka kawo mai shuka."

Kwana tara ina juya yadda zan faɗa. Ranar Juma'a bayan la'asar, ya zauna yana gyaran igiyar kwando, na kawo masa koko na durƙusa.

"Malam, ungozoma ta ce tana so a duba ka."

"Ni? Cikin wata nawa gare ni?"

"Ba wasa nake ba."

"Ticha, ni da nake ɗaukar kwando biyu daga bakin ruwa har lori?"

"Da kake ɗauka. Yanzu ɗaya ma sai ka huta a hanya."

Ya ɗago ya dube ni. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya ce a hankali, "Wa ya gaya miki?" Na ce ba wanda ya gaya mini, ina da ido. Sai da kokon ya huce ya ce zai je, don kada in ce ya ƙi.

Ya je wani ɗan ɗakin magani, aka ba shi kwalba aka ce ya kawo bawali a duba. Washegari ya kai. Bayan kwana biyu ya shigo gida da tsire a takarda, yana ɗaga wata 'yar takarda sama kamar tuta. "Ba a ga komai ba! Ticha, karanta musu, ke ce mai Turanci." Na karanta. Gaskiya ne, ba a ga komai ba. Mma ta yi guɗa. Na ci tsiren ina murna, ina kuma jin kayan da na ɗan sauke suna komawa kaina.

Damina ta shiga. Takarda ta ce lafiya, jiki ya ce a'a. Tafin hannunsa ya koma fari kamar na wanda ya yini yana dakan rogo. Ya fara fashin zuwa Makango. Akwai kuma abin da ke tsakanin miji da mata wanda ba zan rubuta ba, sai dai in ce fitilar ta yi ƙasa, kuma wannan ya fi ciwon ƙugun cin ransa. Mma ta aika wa ƙanenta, Kawu Saidu, mai fataucin shanu a Bawku. Amsa ta zo cewa a kawo shi, tun da asibiti ta ce ba cuta, to sanyi ne ya kama mazantakarsa, kuma akwai masu wannan aiki a can. Da aka ba da dogon hutu na bi shi.

Ba zan ci amanar Kawu ba. Ya karɓe mu hannu biyu, ya ba mu ɗakin da ya fi kowane iska, kullum sai an yanka zabo. Makon farko aka fara ba Malam gasasshen nama da wani yaji mai haɗin gagai, da tsimi a kwalba safe da yamma. Ya ce yana jin ɗumi a jiki. Na ji daɗi. Bawku ta burge ni a makon nan, albasa tuli-tuli, jakuna, harsuna biyar a rumfa ɗaya, da duwatsu can nesa shuɗaye kamar an rina su.

Mako na biyu aka kira wanzami. Ya tattaɓa bayan Malam ya ce mataccen jini ne ya taru a ƙugu ya toshe hanyar haihuwa. Ya kafa ƙaho shida. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon jinin da ake zubarwa a kasko, ga shi tsararo kamar ruwan wankin nama. Na ce, "Kawu, anya yana da jinin da za a rage?"

Kawu ya ce, "'Yata, ke dai ki riƙe alli. Wannan aikin tun kafin a haifi mai makarantarku ake yin sa."

Bayan kwana huɗu aka sake kafa wasu shida.

Mako na uku, ranar kasuwa, Kawu ya ja shi kara, wurin cinikin shanu, don ya sha iska. Kafin azahar aka dawo da shi a kan amalanke. Wai yana tsaye sai ya sulale. Da na cire masa takalmi na ga sawun igiyar ya nutse a ƙafarsa, na danna da yatsa, ramin ya ƙi tashi. Ban yi shawara da kowa ba, na ɗaure kayanmu. Kawu ya yi fushi, ya ce saura kwana bakwai magani ya kama. Amma da safe shi ya kai mu tasha, ya biya mana gaban lori, ya cusa wa Malam wani ƙulli a aljihu, ya juya da sauri don kada mu ga idonsa.

Mun biyo ta garin Garu da niyyar mu kai gida. Hanyar ta lalace da ruwa, lori yana tangaɗi, kowane rami sai Malam ya cije leɓe. A gangaren Nakpanduri na ga ƙasa ta buɗe a gabanmu, kore har iyakar gani, na ce a raina, ya Allah, duk wannan faɗin, ka ba mu ɗan wurin da za mu tsaya. Da muka iso Yendi ya ce ba zai iya ƙara ko mil ɗaya ba. Ina da gwaggo a can, Gwaggo Asabe, mijinta malami ne a unguwar Hausawa. Muka sauka a gidanta ba sanarwa. Ta dubi Malam sau ɗaya ta ce, "Gobe asibiti. Wanda ke da magana ya riƙe ta sai mun dawo."

Mun isa tun rana ba ta yi zafi ba, muka tarar da layi ya zagaye baranda. Dagombawa, Konkombawa, Fulani, mata da goyo, wani tsoho da aka ɗauko a kan ƙofa. Ranar farko kati kawai muka samu. Rana ta biyu muka zauna a benci har inuwa ta gudu ta bar mu, Gwaggo tana yi wa Malam fifita da murfin kwano. Sai wajen sha ɗaya aka kira mu. Likitan saurayi ne daga bakin teku. Ya ja fatar idon Malam ƙasa, ya danna mararsa, Malam ya zabura. Na miƙa masa takardarmu ta Salaga. Ya karanta, ya ɗaga gira, ya ce mu je ɗakin gwaji.

Mai ɗakin gwajin wani dattijo ne Bakusashe, ɗan ƙabilar wajen Bawku, tsohon soja, ana ce masa Saja. Hausarsa ta bariki ce, a tsaye take kamar sanda. Ya riƙe takardar nesa da ido.

"Wannan bawali da ka kai, wane lokaci ka yi shi?"

"Da asuba," in ji Malam.

"A ina?"

"A gida. Sun ce in dawo da rana in yi a can bayan ɗakin, ga mutane na wucewa. Na ga ai duk ɗaya ne."

"Na farko ka zuba, ko na ƙarshe?"

Malam ya dubi ƙasa. Ya dube ni, ya dubi Gwaggo. Gwaggo ta ce, "Ni na haifi bakwai, ba abin da zan ji yau ya zama sabo. Faɗi."

"Na farkon," ya ce. "Na wanke kwalbar sau uku. Na ƙarshen shi ne mai jan. Ai ba a miƙa wa mutum wannan a hannu. Mai tsarkin na kai."

Saja ya ajiye takardar, ya yi dariya har da buga tebur, sannan ya daina kamar an kashe rediyo. "Maigida, ɓarawo yana cikin ɗaki, kai ka kai ɗan sanda zaure ka ba shi shayi. Wannan ja da ka ɓoye, shi muke nema. Ƙwan tsutsa da tsakar rana yake fita, a ɗigon ƙarshe. Yanzu sha biyu ta kusa. Sha ruwa kofi biyu. Ka zaga wannan gini sau uku, da sauri yadda ka iya, ya girgiza. Sannan ka ba ni na ƙarshe, duka."

"In zaga? A gaban mata?"

"Ko ka zaga da ƙafarka yau, ko a zaga da kai a makara."

Ban taɓa ganin abin dariya da ban tausayi a haɗe irin wannan ba. Malam da babbar rigarsa, ya tattare ta a hammata, ƙafafu a kumbure, yana ɗan sassarfa kamar agwagwa a kan tsakuwa mai zafi. Zagayen farko mutanen layi suka zuba masa ido. Na biyu wata tsohuwa ta fara tafa masa tana faɗin wani abu da Dagbanci, sauran suka kwashe. Gwaggo ta ɗaga murya, "Haka, angon Rakiya! Ko ranar ɗaurin aure ba ka yi wannan saurin ba!" A na uku shi ma dariya yake yi, yana haki, ni kuwa ina bin sa a baya da buta, hawaye na zuba ban san na wanne ba ne.

Da Saja ya gama juya kwalbar a injinsa, ya ɗiga abin da ya kwanta a kan gilashi, ya leƙa madubinsa. Bai daɗe ba ya ce, "Malama, an ce kai ticha ne. Zo ka gani." Na sa ido. Wani farin wata na gani, a cikinsa ga wasu abubuwa birjik, kowane kamar ɗan ƙaramin kwale-kwale mai ƙaya a gindi. Suna da kyau, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Shekara ashirin suna fito a cikin mijina, ba wanda ya tambaye su kuɗin jirgi.

Likita ya zaunar da mu ya yi bayani, Saja yana juyawa. Ya ce tsutsar tana shiga ta fata in mutum ya tsaya a ruwan da ke da katantanwa. Ƙwanta ke yayyaga mafitsara, shi ne jan. Ta shanye masa jini, ta fara matse hanyar ƙoda, shi ne kumburin. Kuma ƙwan nan ba ya tsayawa a mafitsara, yana bin har hanyoyin da iri ke bi ya bar tabo. Sai ya faɗi maganar da har yau take kunnena: "Namiji ba shi da jiki biyu, ɗaya na aiki ɗaya na haihuwa. In haihuwa ta ƙi zuwa, sau da yawa jikin ne ke sallama a ƙofa, yana cewa a zo a dube ni."

Malam ya ce, "In an yi magani, za a samu?"

Likita ya ce, "Ban sani ba. Wannan na Allah ne, kuma sai an jira. Abin da na sani, in ba a yi ba, nan da 'yan shekaru ba maganar ɗa za a yi ba."

Ba a fara allura nan take ba, an ce jininsa ya yi ƙasa, ba zai ɗauka ba. Mako biyu yana shan ƙwayar ƙarin jini, Gwaggo tana ɗura masa hanta da zogale da miyar ayoyo. Hutu ya ƙare, na rubuta wa shugaban makarantarmu, ya sa wata ta riƙe mini aji. Na aika aka sayar da kwallayena na jere guda biyu. Ban yi kewarsu ba sai daga baya.

Sannan aka fara: allura goma sha biyu a jijiya, yau a yi, gobe a huta. An gargaɗe mu tana da ƙarfi, amma ji ba gani ba ne. Kafin a zare ta tari ya turnuƙe shi. Dole ya kwanta awa guda ba motsi, don an ce tana taɓa zuciya. Ya ce bakinsa kamar ya tsotsi tsohon kwabo. Ta biyu ya yi amai. Ta uku gaɓoɓinsa suka kama ciwo har ba ya iya ɗaga buta, ni nake zuba masa ruwan alwala. A benci muka saba da wasu maza uku masu irin allurarsa. Kafin mako na biyu ya ƙare saura ɗaya, biyu sun gudu.

Bayan ta biyar Malam ya ce shi ma ya gama. Da hantsi ne, yana kwance a tabarma a tsakar gida.

"Tsargiya shekara ashirin ba ta kwantar da ni haka ba. Wannan allura a mako biyu ta gama da ni. Ticha, maganin ya fi cutar."

Na roƙe shi, na yi kuka, Gwaggo ta yi faɗa, mijinta ya kawo aya. Ya juya fuska bango. Ranar allura ta shida ta zo ta wuce. Saja ya aiko cewa in aka daɗe da yankewa, sai a koma farko.

A ranar ce Mma Lariba ta iso daga Salaga, da ƙullin kuka da daddawa a kai. Na ɗauka za ta ce a tattara a koma gida. Ta gaisa da mutanen gida, ta sha ruwa, ta zo ta zauna a gefen tabarmar. Ta yaye zanen da ya rufe ƙafarsa, ta danna da babban yatsa, ta zuba wa ramin ido.

"Rakiya, me likitan ya ce wannan?"

Na gaya mata duka, har maganar ƙoda. Ta daɗe tana kallon ƙafar.

"Haka ta babansa ta yi," ta ce. "Daga ƙafa ta hau ciki, ta hau fuska. Bawali ya ɗauke masa kwana uku. Muka ce sammu ne, don ya yi rigima da wani a kan goro. Bai kai hamsin ba." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Ni na dafa zabon nan da hannuna."

Sai ta dafa kafaɗarsa, ta yi abin da ban taɓa ji ba, shi ma bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

"Iddirisu."

Ya juyo kamar an watsa masa ruwa.

"Iddirisu, tashi ka sa riga. Na binne ɗaya da wannan ƙafar, ba zan binne biyu ba. Jika in ya zo, ya zo. Kai nake so."

Ya tashi. Mu uku muka raka shi, Mma tana gaba kamar ita ta san hanya. Saja ya gan mu ya ce, "Soja ya dawo bariki." Bakwai ɗin da suka rage ba su fi na farko sauƙi ba. Ta tara ta fi kowace muni, har likita ya sa aka ƙara masa kwana biyu na hutu. Amma bai sake cewa ya gama ba. Mma takan zauna a bakin gadon awa gudan nan tana ba shi labarin ƙuruciyarsa, ni kuma ina ƙirga masa numfashi ba tare da ya sani ba. Wajen ta goma jan ya ɗauke. Ya fito daga bayan gida yana kallona kamar wanda aka yi wa sata, ya ce, "Fari fat." Mako guda bayan ta ƙarshe ya nemi ƙarin tuwo.

Mun koma Salaga da sharaɗi biyu: kada ya sake tsayawa a ruwan tafki, kuma mu dawo bayan wata uku a sake dubawa. Na farkon ya yi masa wuya. Ya shirya da wani masunci yana ajiye masa kifi, shi yana jira a tudu, abokansa suna yi masa tsiya wai ya zama amarya mai lalle. Ciniki ya ragu, mun rage cefane. Amma ƙafa ta saɓe, tafin hannu ya yi ja, fitilar nan da na ce ta yi ƙasa ta ɗago da kanta, ba gagai ba tsimi.

Ga abin da nake so a ɗauka. 'Yan'uwana mata, in an daɗe ba haihuwa, kada ku sha ɗaci ku kaɗai, ku dubi mutumin da kuke dafa wa abinci, cinsa, launin hannunsa, wankinsa. Ba don a mayar masa da laifi ba, ni na san nauyinsa, ba na so a ɗora wa kowa. Don dai mai yiwuwa shi ne ba shi da lafiya bai sani ba. Iyaye, jan bawali ba balaga ba ne, ciwo ne, kada a yanka masa zabo. Maza kuma, in likita ya nemi abu, ku ba shi mummunan, mai kyan ba ya buƙatar magani. Kunyar safiya ɗaya ta ci mana wata biyar da jinin ƙaho goma sha biyu. Ina yi wa Gwaggo da Saja da likitan nan addu'a kullum, har da Kawu, wanda ya yi kuskure da zuciya ɗaya.

Har yau da nake rubutu ba ni da ciki. Ina so, ba zan yi ƙarya ba.

Makon jiya wata ukun suka cika, muka koma Yendi. Tun a lori Malam ya riƙe carbi bai ja ba. In an ga ƙwai masu rai, sai a sake allura goma sha biyu, kuma ban san ko zai iya ba. Saja ya karɓi kwalbar, ya juya, ya ɗiga, ya leƙa. Ya daɗe. Ya canza gilashi ya sake ɗigawa, ya sake leƙawa, yana murɗa abin a hankali daga wannan gefe zuwa wancan. Can ya ja kujerarsa baya, ya yi mini alama da kai.

Na sa ido. Na duba sama, na duba ƙasa, na bi gefe-gefe kamar mai neman ɗan kunne a cikin yashi.

"Ticha," in ji Malam daga bayana, "me kika gani?"

Na kasa ɗagowa, don kada hawaye ya ɗiga a kan kayan Saja.

"Haske kawai, Malam," na ce. "Sun tafi."

Na ji ya sauke numfashi, na ji benci ya yi ƙara da ya zauna. Sai Saja ya ce, "To, ku ba ni wuri, akwai mutane a layi."